Rigar Mastas ko Haruffa Uku

Ranar Sallah ƙarama da daddare, bayan an gama ciye-ciye an fara watsewa, ɗan yayata ya biyo ni har bakin mota yana sosa ƙeya. Na san wannan sosa ƙeyar, ko dai kuɗi ne ko maganar aure. Ashe duk ba su ba ne. Ya ce, "Kawu, shawara nake nema. Shekarata biyu ke nan ina aiki da ɗan kwangila, na ɗan tara wani abu. Mastas zan koma in yi, ko kuwa jarrabawar nan ta PMP da ka yi zan nema?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ji maganar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin mota. Na ce masa ya bari zan rubuto masa. To mai karatu, ga abin da na rubuta, na kuma ga bai kamata in bar shi tsakanina da shi kaɗai ba, domin na san akwai irinsa da yawa da wannan tambaya ke hana su barci.

Mahaifina malamin firamare ne. A 1975 ya samu takardar Gired Tu, ya fara koyarwa a 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta na UPE, ya kuma yi ritaya yana hedimasta a wani gari a kudancin Katsina. A ɗakinsa akwai bango guda da babu abin da ake ratayewa a jikinsa sai takardun makaranta da hotunan yaye ɗalibai. Lokacin da na gama karatun injiniyan gine-gine a Zariya a 2012, da hannunsa ya kafa ƙusa ya rataye hotona da doguwar riga da hula mai tunku. Ya bar wani fili a gefen hoton, ya nuna shi da ɗan yatsa ya ce, "Injiniya, nan na mastas ne." Muka yi dariya. Ban san da gaske yake ba sai da shekaru suka ja, na ga duk wanda ya kawo hoto a gidan ana sama masa wani wurin, amma wannan filin ba a taɓa shi.

Bayan hidimar ƙasa na samu aiki da wani ƙaramin kamfanin gine-gine a Kaduna. Na fara da duba kwaɓin kankare da lissafin rodi, a hankali har aka fara damƙa mini aiki sukutum. A watan Maris na 2019 aka ba mu kwangilar ginin ɗakin shan magani da gidan ma'aikata da rijiyar burtsatse a wani ƙauye cikin fadamar kogin Haɗeja. Kuɗin aikin naira miliyan 20, wa'adinsa wata shida. Oga ya ce ni zan riƙe. Na tafi da zumuɗina, ina ganin ai ginin da bai wuce ɗakuna shida ba ko ido a rufe zan yi shi.

Kuskure uku na yi, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya shafi ilimin gini. Na farko, na je na gaida hakimi, amma ban nemi mai unguwa ba, ban kuma tambayi filin na waye ba. Muna cikin haƙa tushe wasu magada suka fito suka ce kusurwar gabas gonar ubansu ce, aiki ya tsaya sati uku ana sulhu. Na biyu, na ɓata watan Afrilu wajen katanga, saboda ita ce ke fitowa da kyau a hoton da ake aika wa masu aiki, alhali siminti da tsakuwa da kwanon rufi suna can birni ban shigo da su ba. Na uku, wakilin masu aikin ya zo dubawa ya ce a ƙara makewayi biyu da tankin ruwa na sama, da baki kawai, ni kuma na ce to, ban nemi ko layi ɗaya a rubuce ba. Ruwa na sauka sosai a watan Yuli hanya ta yanke, tifa ba ta shiga. Da amalanken shanu muka riƙa jan siminti, wani wurin har da kwalekwale, buhun da ya jiƙe kuma ya zama dutse. Aikin wata shida bai ƙare ba sai a watan Fabrairun 2020, ya lashe kusan miliyan 29.

Ranar da muka yi lissafi, Oga bai yi faɗa ba, wanda da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Rufe fayil ɗin kawai ya yi ya ce, "Injiniya, ka iya gini, amma ba ka iya aiki ba." Na kwana biyu ina jin haushin maganar nan, na kuma shekara ina gane gaskiyarta. Ginin yana nan tsaye, ko tsagewa bai yi ba. Abin da ya kayar da ni shi ne lokaci da kuɗi da mutane, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini su.

Sai ga korona, aiki ya tsaya, aka raba albashi biyu. Na fara duba tallace-tallacen neman ma'aikata. Duk inda aka ce ana neman manajan aiki, sai in ga ɗaya daga cikin abu biyu, wani lokacin ma duka: digiri na biyu, ko takardar ƙwarewa irin su PMP ko PRINCE2. Ni kuwa shekara shida a fili, da rana da ƙura, amma ba ni da ko ɗaya. Zuwa tsakiyar 2021 abin da na tara bai wuce naira dubu 600 ba, ga kuɗin haya na tafe, ga uwargida da yara biyu. Taura biyu ba ta taunuwa, dole in zaɓi ɗaya.

Bari in ɗan tsaya in yi wa wanda bai san waɗannan haruffa ba bayani. PMP takarda ce da wata ƙungiya mai suna PMI ke bayarwa. An kafa ƙungiyar a Amurka a 1969, ta fara wannan jarrabawa a 1984. Ba makaranta ba ce, ba ta ɗaukar ɗalibi ta koyar da shi daga tushe. Aikinta ta tantance wanda ya riga ya yi aikin. A lokacin da na nema, mai digirin farko sai ya nuna ya jagoranci ayyuka na wata 36, mai takardar sakandare kuma wata 60, kowanne sai ya ƙara da awa 35 na horo. Ita kuwa PRINCE2 daga gwamnatin Ingila ta samo asali, an fito da ita a 1996, tana da mataki biyu, na tushe da na mai aiki da ita, kuma matakin farko ba ya neman ka taɓa riƙe wani aiki. Digiri na biyu a wannan fanni kuma akwai shi a jami'o'inmu, musamman na fasaha, inda wasu ke da sashe guda na koyar da gudanar da ayyuka.

Mutum biyu na nema shawara. Na farko tsohon malamina ne na jami'a, wanda na taras a gidansa a Samaru yana ba tantabaru hatsi. Bai bari na gama ba ya ce, "Kai dai ka zo ka yi karatu. Digiri naka ne har kabari, babu mai ce maka ka dawo ka sabunta shi. Waccan kuwa haya kake yi, ranar da ka daina biya sunanka ya fita." Ya ƙara da cewa in har ina da niyyar koyarwa wata rana, ko in nemi digiri na uku, ko in shiga aikin gwamnati inda takardar jami'a ke yanke matakin da za a ɗora mutum, to haruffa uku ba za su buɗe mini waɗannan ƙofofi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce, "Jarrabawar za ta koya maka yadda ake yi. Mu kuma za mu koya maka ka tambayi dalilin da ya sa ake yi, da kuma lokacin da bai kamata a yi ba."

Ta biyu wata Hajiya ce da muka taɓa yi wa ƙungiyarsu aiki, wadda ta riƙe manyan ayyukan ruwa da na lafiya, kuma tana da takardun duka biyu. Ta saurare ni har na gama labarin ƙauyen nan, sannan ta ce, "Ƙanina, malaminka bai yi ƙarya ba, amma shi albashinsa na shiga ko ka yi ko ba ka yi ba. Kai wata nawa za ka iya jira?" Ta ce mastas a takarda wata goma sha takwas ne ko shekara biyu, amma a zahiri sai abin da ka gani, ta tuna mini yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 da ya ɗauki wata tara. Ta ce masu ɗaukar aiki kan samu ɗaruruwan takardu a kan gurbi ɗaya, ba su da lokacin karanta tarihin kowa, haruffan nan su ne ke sa a ɗaga takardarka daga cikin tarin. Ta kuma gargaɗe ni da cewa, "Kada ka ɗauka ita za ta mayar da kai gwani. Shaida ce kawai. Amma za ta ba ka sunayen abubuwan da ka riga ka sha wuyarsu, kuma wanda ya san sunan ciwonsa ya fi saurin samun magani."

Na dawo gida na ɗauki takarda da biro. Kuɗin shiga ƙungiyar a lokacin dala 139 ne, jarrabawa dala 405 ga ɗan ƙungiya, 555 ga wanda ba ya ciki, wato shiga ƙungiyar ma ya fi arha. Dala kuwa tana kusan naira 500 a hannun 'yan canji, jimla wajen dubu 270, sai dubu 120 na horo. Mastas a jami'ar gwamnati kuɗin makarantarsa bai fi ƙarfina ba, amma in ka haɗa da zirga-zirga da littattafai da kuɗin bincike, ga ranakun aiki da zan riƙa rasawa na shekara biyu ko uku, sai lissafin ya ƙi tsayawa. A takarda amsar a bayyane take. Matsalar ita ce filin nan na bangon Baba ba ya shiga lissafin biro. A lokacin ya fara fama da ciwon suga, ƙafarsa ta fara ba shi wahala, kuma duk zuwan da zan yi sai ya ce, "Injiniya, yaushe za a koma makaranta?"

Na zaɓi jarrabawar, kuma ban gaya masa ba. Wannan ɓoyewar ita ce abin da har yau nake jin kunyarsa.

Wajen cike takardar nema aka buƙaci in rubuta ayyukan da na jagoranta, ɗaya bayan ɗaya, da watanninsu. Ƙungiyar kan zaɓi wasu daga cikin masu nema ta binciki abin da suka rubuta, sai kuwa abin ya faɗo kaina. Dole sai wanda na yi aiki a ƙarƙashinsa ya sa hannu. Haka na ɗauki ƙafa na koma wurin Oga, mutumin da ya ce ban iya aiki ba, in roƙe shi ya shaida cewa na yi aiki. Ya karanta, ya ga har da ɗakin shan maganin na sa, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Wannan ma ka rubuta?" Na ce ai shi ne ya fi kowanne koya mini. Ya yi murmushi ya sa hannu.

Karatun ya zo mini da abin mamaki. Kowane babi na buɗe sai in ga ƙauyen nan a ciki. Mai unguwa da magada su ne masu ruwa da tsaki, waɗanda ake jera sunayensu tun kafin a kafa turke. Makewayi da tanki su ne ƙarin aiki da ke lallaɓowa ba tare da ƙarin kuɗi ko lokaci ba, maganinsu a rubuta, a lissafa, a sa hannu. Damina kuwa ba ƙaddara ba ce da ta faɗo ba zato, haɗari ne da kowa ya san watansa, wurinsa na cikin kundin haɗurra tun ranar farko. Na koyi cewa a kowane aiki akwai jerin matakai da in ɗaya ya makara da kwana ɗaya, aikin gaba ɗaya ya makara da kwana ɗaya, dabarar da aka fito da ita a Amurka tun 1957. Katangata ba ta cikin wannan jeri, kwanon rufi da siminti su ne a ciki.

Amma wanda ya fi taɓa ni wani ɗan lissafi ne da ko ɗan aji uku zai iya. A ƙarshen watan Mayu, rabin wa'adi ke nan, ya kamata a ce na yi aikin miliyan 10. Abin da na yi a ƙasa bai wuce kashi 40 cikin ɗari ba, wato aikin miliyan 8, alhali na kashe miliyan 12. Raba 8 da 12, za ka ga kowace naira ɗaya da na kashe aikin kwabo 67 ta haifar. In aka ci gaba a haka, aikin miliyan 20 zai ci miliyan 30. Da na san wannan a watan Mayu, da na buga wa Oga waya tun hanya ba ta yanke ba. Na ajiye littafin na daɗe ina kallon silin.

A watan Satumba na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, na kwana a Abuja, washegari na shiga cibiyar jarrabawa. Tambaya 180 cikin minti 230. Tun watan Janairun wannan shekarar aka sauya tsarin, kusan rabin tambayoyin sun koma kan wata hanyar aiki da ake kira ajayil, wadda masu rubuta manhajar kwamfuta suka yi shelarta a 2001, inda ake yin aiki gunduwa-gunduwa ana gyara shi a tafe. Ni kuwa ɗan kankare, na raina wannan ɓangaren, na ce me ya haɗa ni da shi. Kuma tambayoyin ba na hadda ba ne. Za a ba ka labari, ma'aikata biyu sun saɓa, ko mai aiki ya sauya ra'ayi, a ce mene ne abu na farko da za ka yi, amsoshi huɗu kuma duk kamar daidai. Na faɗi.

A jirgin dawowa ban iya ko shan ruwa ba. Ana ba mutum damar gwadawa sau uku cikin shekara, amma maimaici dala 275 ne, dala kuma ta haura 550 a lokacin. Na shiga gida na zauna ban ce komai ba. Uwargida ta kawo abinci, ta koma ɗaki, ta fito da ƙullin leda ta ajiye a gabana. Kwasar adashinta ce, wadda ta shekara tana zubi don ta sayi keken ɗinki. Ta ce, "Abban yara, ka koma. In ka bari a nan, kuɗin farko ma sun tafi a banza." A watan Disamba na koma, na ci.

Sai a lokacin na je na gaya wa Baba. Takardar ta intanet ta zo, na kai shagon kwamfuta aka buga mini ita a takarda mai kauri. Ya sa tabarau ya juya ta gaba da baya. Ya ce, "Ina makarantar take?" Na ce babu makaranta. "Riga fa?" Na ce babu riga. Na yi masa bayanin cewa duk shekara uku sai na nuna na ƙara awa 60 na karatu ko hidimar sana'ar, in biya kuɗi, sannan a sabunta. Ya ce, "Wato kamar lasisin mota." Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya nuna takardarsa ta Gired Tu da ke bango. Ya ce ranar da ya karɓe ta ya ɗauka ya gama karatu har abada. Sai ga shi an wayi gari gwamnati ta ce mafi ƙarancin takardar koyarwa ita ce NCE, yara da ya koyar suka dawo suna neman zama a samansa. Da furfurarsa ya koma yana karatu daga nesa ta cibiyar malamai ta NTI da ke Kaduna, yana zuwa aji ranar Asabar da lokacin hutu. Ya ce, "Tawa ma ta ƙare, sai dai ba a rubuta ranar a jikinta ba. Taka aƙalla sun faɗa maka gaskiya." Ya sa aka rataye ta, amma a ƙasa. Filin nan bai ba ta ba.

A 2022 na samu aiki da wata ƙungiya mai ayyukan ruwa da makarantu, albashin ya ninka na baya. A wajen ganawa sun tambaye ni aikin da ya taɓa lalacewa a hannuna, na ba su labarin fadamar Haɗeja da lissafin kwabo 67, daga baya shugabar ta ce wannan amsar ce ta ba ni aikin, haruffan kuwa su suka kawo ni ɗakin. A shekarar kuma malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wani abokina da ya zaɓi mastas lokacin da na zaɓi jarrabawa ya yi wata takwas a zaune. Na ce a raina Hajiya ta yi gaskiya. Na saya wa uwargida kekenta.

Amma ba a jima ba na ga gaskiyar Malam shi ma. Gurbin shugaban shiri ya buɗe a wurin aikinmu, sharaɗin farko digiri na biyu. Na duba manyan guraben Majalisar Ɗinkin Duniya, su ma yawanci digiri na biyu suke fara ambata, mai digirin farko sai ya cike da ƙarin shekarun aiki. Ban da wannan ma, akwai tambayoyin da suka fara damuna waɗanda littafin jarrabawa ba ya amsawa. Na san yadda ake tafiyar da aiki guda, amma me ya sa ayyuka ke mutuwa da yawa a ƙasar nan? Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ya ba da rahoto a 2011 cewa akwai ayyuka 11,886 da aka fara ba a gama ba. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta tun ƙarshen shekarun 1970 ake maganarsa. Duk waɗannan rashin manaja mai haruffa uku ne ya kashe su?

A ƙarshen 2023 na shiga mastas na ƙarshen mako. Can na karanta binciken Bent Flyvbjerg, ɗan ƙasar Denmak, da abokan aikinsa na 2002, waɗanda suka duba manyan ayyukan sufuri 258 suka taras kusan tara cikin goma sun ci fiye da kuɗin da aka ƙiyasta musu. Na ga labarin gidan wasa na Sidni a Ostireliya, wanda aka fara a 1959 da kiyasin dala miliyan 7 na ƙasar, bai ƙare ba sai 1973 a kan miliyan 102. Na gane cewa wani aikin tun ranar da aka sa masa hannu a mace yake, saboda an rage kuɗinsa da gangan don a amince da shi, ko an ba da shi ba tare da kasafi ba, kuma babu jadawalin da zai tashe shi. Wannan ilimi ne da sai an zauna an yi karatu da musu da rubutu. Wani abin dariya kuma, da lokacin sabunta PMP ɗina ya yi a ƙarshen 2024, awannin ajin jami'a na lissafa a cikin awa 60 ɗin nan. Ashe ba kishiyoyi ba ne, 'yan ɗaki ɗaya ne. Sai dai dala a lokacin ta wuce naira 1,500, na gode da ban jinkirta jarrabawar ba.

Baba bai ga rigar ba. A daminar 2024 ya rasu, ina tsakiyar karatun. Ziyarata ta ƙarshe na kai masa katin shaidar ɗalibta, ya riƙe shi ya daɗe yana dubawa, ya ce, "To, an kama hanya." Na sha tambayar kaina, da na fara da mastas a 2021, da ya gani? In aka cire wata takwas na yajin aiki, mai yiwuwa da kyar, mai yiwuwa kuma a'a. Da kuma da me zan biya haya da kuɗin maganinsa na shekarun ƙarshe, waɗanda sabon albashin ne ya ɗauke su? Na yi lissafin nan ya fi a ƙirga, kullum yana nuna ban yi kuskure ba, kuma kullum in na shiga ɗakin sai ƙirjina ya yi nauyi. Allah ya jiƙansa.

To ɗana, ga amsarka. Kada ka tambayi wacce ta fi, ka tambayi wacce ƙofa kake son shiga, da kuma abin da ke hannunka yau. Wanda ya shekara biyar ko shida yana riƙe da ayyuka, yana da iyali, yana neman a ɗaga takardarsa cikin gaggawa, ya fara da jarrabawar. Wanda ke hangen koyarwa, ko aikin gwamnati, ko kujerar da ake tsara manufa a kanta, digiri ba shi da madadi. Kai kuwa shekararka biyu kacal a aiki, watanninka ba su ma cika ba, ba ka da mata ba ka da haya. Abin da na yi ba shi ya kamace ka ba. Ka tafi ka yi mastas ɗinka yanzu da kanka ke da sauƙi, amma kada ka saki aikin, domin watannin nan su ne jarinka. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta kowane aiki da ka riƙe, ranar farawa da ta gamawa, kuɗinsa, da abin da ya lalace. In kana son ɗanɗano, akwai ƙaramar jarrabawarsu ta CAPM wadda ba ta neman shekarun aiki. Kada kuma ka manta da rajistar COREN, don ita ce ke ba ka ikon amsa sunan injiniya a ƙasar nan. Sharuɗɗa da kuɗin da na ambata na lokacina ne, suna sauyawa, ka duba na ranar da za ka nema.

Abu na ƙarshe, duk wanda ka zaɓa, ka gaya wa mahaifiyarka tun kafin ka biya kuɗin. Kada ka yi irin tawa.

Hoton rigar yana nan yanzu a filin da aka bar masa. Inna ce ta ba ni guduma, ni na kafa ƙusar. In ka je gida ka duba ƙasa da shi kaɗan, za ka ga takardar da Baba ya kira lasisin mota, ita ma tana nan inda ya sa aka rataye ta.